Sunan da Ya Ƙi Fita Daga Bakin Iyatu

Ranar da labarin ya iso kasuwar Kusada, Iyatu na tsugune a gindin tsamiyar masu nono tana dama wa wani mahauci fura. Hassana ce ta kawo shi, ƙawarta tun ƙuruciya. Ta taho da gudu mayafinta na jan ƙasa, ta dire ƙwaryarta ko sallama babu.

"Iyatu, kin ji abin da rediyo ya hwaɗi? Wai bana mata ma za su jefa ƙuri'a. Mu! Ni da ke!"

"Mi za mu jefa?"

"Ƙuri'a, ta zaɓen kansila. Tsaya ma ki ji sauran. Malama Kubura ta tsaya takara. Ɗiyarki! Ita da Ɗanmaliki mai motoci za su kara."

Wani daɗi ya taso wa Iyatu tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Ta yi ta antaya nono a kwanon mahaucin har ya tumbatsa yana zuba masa a ƙafa, shi kuwa ɗan albarka ya yi shiru abinsa yana kallon arziki. Amma fuskarta, da ka gan ta ka ce an aiko mata da rasuwa. Ta ɗaure ta tamau, ta kau da kai wajen masu sayar da igiya.

"Allah shi kyauta," in ji ta. "Ni ina ruwana da ta wajen Kaka?"

To, kada ku ɗauka Iyatu muguwar uwa ce. Kubura 'yar fari ce, kuma Iyatu Bafulatana ce ta rugar bayan Dudunni, inda ake riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in ana yabonta ma tashi take ta bar wurin. Iyatu kuwa a wannan fanni babu mai kama ƙafarta. Ana yaye yarinyar aka miƙa ta ga Kaka, uwar mijinta, da ke zaune a Kankia. Tun daga ranar suna har yarinyar ta girma, ta yi aure, ta zama malamar makaranta, sunan nan bai taɓa ratsa haƙoran Iyatu ba. "Ta wajen Kaka" take cewa, har bayan Kaka ta daɗe da rasuwa. Ita ma Kubura ba ta taɓa ce mata Inna ba, Adda take kiranta, wato yaya da Fulatanci. Matan ruga in za su yi wa amarya faɗa a kan kunya, da Iyatu suke ba da misali, ita kuwa abin yana yi mata daɗi ƙwarai.

Sai dai akwai wata dabara da Iyatu ta yi shekaru tana yi, wadda take ganin daga ita sai Allah suka sani. In an yi hutun makaranta Kaka kan turo Kubura ruga. Da yamma, bayan an gama tatsa, Iyatu kan tara ƙannenta ta ba su labari, 'yar fari kuwa ba ta da wurin zama a gaban uwa, sai ta raɓe a bayan zana. Iyatu na ganin 'yan ƙafafunta ta ƙarƙashin zanar. Sai ta ɗaga murya, ta yi ta zuba labari kamar da kurame take magana. Akwai wanda ta ƙirƙiro da kanta, na wata akuya da ta je kasuwar Kankia sayen takalmi. Ta sayo guda biyu kacal ta sa a ƙafafun gaba, na baya suka yi fushi suka ƙi tafiya. Ta mayar baya, na gaba suka turje. Ƙarshe dai akuya ta rataya takalman a ƙaho ta koma gida tana taƙama. In Iyatu ta ga 'yan ƙafafun nan na bubbuga ƙasa don dariya, ranar da farin ciki take kwana.

Kubura ta girma ta rubuta littattafan yara, aka buga su a Zariya, aka raba wa makarantu. Iyatu ba ta iya karatun boko ba. Amma wata rana a kasuwa ta ji 'yan makaranta na kwaikwayon akuya mai takalmi, har da yadda ƙafafun baya ke tura baki, daidai yadda ita take yi. Ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya ta yi ta dariya ita kaɗai, da aka tambaye ta ta ce tari ne ya sarƙe ta.

Zamanin kuwa na kuɗin man fetur ne, gari ya cika da sababbin babura da rediyo da kwanon rufi mai ƙyalli. Ɗanmaliki ya samu rabonsa, motocinsa na jigila har Kano. Ya ɗaura lasifika a kan farar Fijo, yana zaga ƙauyuka, maroƙa na binsa a baya. Kubura kuwa a bayan akori-kura take zuwa da allon makaranta da alli. Takan shiga gida gida, ta jera ƙoruka a tsakar gida a matsayin akwatuna, ta raba wa mata ganyen kuka a matsayin ƙuri'a, ta ce kowa ta gwada. Abin ya zama biki. Tsofaffi na layi suna ƙyalƙyala dariya, amare na jefa ganye suna rufe fuska, wata tsohuwa a ƙauyen Ƙofa ta jefa nata ta dawo ta ce a ba ta wani, na farko ba ta yi bisimilla ba. Kubura na gaya musu rijiya take so a haƙa, da ɗakin haihuwa kusa, da aji na 'ya'ya mata. Mata suka fara cewa ai wannan tasu ce.

Duk inda akori-kurar nan ta tsaya, Iyatu kan ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba. Amma a ɓoye ita ma yaƙin neman zaɓe take, irin nata. Duk macen da ta zo sayen nono sai ta ƙara mata ludayi guda, ta sassauta murya ta ce, "In kin shiga, ki jefa wa wadda ta dace."

"Wa ke nan, Inna?"

"Ke dai kin ji. Ɗauki nononki, kin tare mini rana."

Ana nan, ran wata kasuwa, farar Fijo ta tsaya a gindin tsamiya. Ɗanmaliki ya fito da babbar riga, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Iyatu, mutane suka taru suna kallo. Mutumin nan a ruga aka yi goyonsa, ya san abin da yake yi sarai.

"Inna, gaisuwa na zo yi," in ji shi. "Na ga ɗiyarki ta fito tana neman kujerar maza. Na ce bari in ji daga bakinki, kin sa ma abin albarka?"

Idon kasuwa duk ya dawo kan Iyatu. Ta ba shi amsar da kowace uwa mai kunya za ta bayar, ta ma ƙara mata gishiri don a san ita ce.

"Ni? Ina ruwana da ita? Ban ma san ta ba. Ku tahi can ku ƙarata."

Ya yi godiya, ya sayi nono, ya shiga mota. Kafin la'asar lasifika na yawo daga Kusada zuwa Mawashi yana cewa, "Jama'a, ku ji! Uwar da ta haife ta ta ce ba ruwanta da ita! Abin da uwa ba ta sa wa albarka ba, ku ne za ku sa?"

Da farko Iyatu dariya ta yi, don a ganinta wa bai san kunyar ɗan fari ba. Amma kwana kaɗan Hassana ta same ta a ruga tana kaɗa nono, ta zauna ba fara'a.

"Iyatu, abin ya ɓaci. Matan Mawashi sun ja baya, na Ƙofa ma haka. Sun ce sai sun ji daga bakinki."

"Mi za su ji? Ba su san ɗiyar fari ba ce?"

"Sun sani. Amma ki duba. In kunya ce, mi za ki ce?"

"In ce ba ruwana."

"In kuma fushi kike da ita, ba ki yarda ta shiga cikin maza ba, mi za ki ce?"

Maburgi ya tsaya cak a hannun Iyatu.

"Kin gani," in ji Hassana. "Maganar guda ce. Da aure ne ko haihuwa, kowa ya san zuciyarki. Wannan kuwa sabon abu ne, ba a taɓa yi ba. Mata na tsoron su sa hannu a abin da uwa ta tsine ma. Ran Laraba za ta zo Dudunni, gidan mai gari, matan ƙauyukan nan duk za su taru. In ba ki tashi kin kira ta da sunanta kin sa mata albarka ba, wallahi ta faɗi, kuma ke kika kayar da ita."

Hankalin Iyatu ya tashi sosai. Kunyar da take taƙama da ita duk rayuwarta ita ce yau za ta kayar mata da 'ya. Ta ji haushin Ɗanmaliki, ta ji haushin lasifika, ta ji haushin wanda ya fara cewa mata su yi zaɓe, sannan ta dawo ta ji haushin kanta.

Suka shiga gwaji. Hassana ta ce a fara da abin da ba ya tsegumi, suka nufi turke wajen wata jar saniya. Iyatu ta dafa wuyanta, ta waiga dama da hagu, ta gyara murya.

"Ku... Ku..."

"Ƙarasa mana!"

"Saniyar nan kallona take."

Suka juya saniya ta ba su baya. Iyatu ta sake ɗaukar numfashi, sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya, sai gumi. Hassana ta ce ta kifa ƙwarya a fuska ta faɗa a ciki, ba mai ji. Ta kifa, ta daɗe a ciki, da ta ɗago sai ta ce ƙwaryar na warin tsami, ya kamata a wanke ta. Hassana ta faɗi ƙasa tana dariya har da hawaye, Iyatu ta bi ta da maburgi suna zagaya turke, tsofaffi biyu masu jikoki. Jaji, mijin Iyatu, ya leƙo daga bukka ya gan su, ya koma ciki. Har Laraba ta zo sunan bai fita ba, ko sau ɗaya.

Ran Laraba da hantsi gidan mai gari ya cika maƙil. Mata sun ci ado kamar ranar salla, atamfa sabuwa, lalle ja wur, masu goyo na jijjiga, 'yan mata sun hau katanga. Iyatu ta zo har ƙofar gida, ta ji muryar Kubura a ciki, ƙafafunta da kansu suka kauce. Ta zagaya ta baya, ta raɓe jikin wata tsohuwar zana da ta raba tsakar gida da wurin awaki. Hassana ta yi ta janta, ta ƙi, har ta gaji ta shiga ita kaɗai.

Ta wata 'yar kafa Iyatu ke hangen 'yarta. Doguwa, baƙa, da tabarau, tana tsaye gaban allo, hannu duk alli. Ta yi bayanin akwati da ƙuri'a, mata na saurare amma ba irin dariyar da aka saba. Can wata dattijuwa daga Mawashi ta miƙe ta dogara sanda.

"Malama, maganarki ta yi daɗi. Amma mu ma uwaye ne. An ce uwarki ba ta sa albarka ba. Gaskiya ne ko ƙarya?"

Iyatu ta ɗauka yanzu Kubura za ta ce a kira Adda a tambaye ta, a jawo ta gaban jama'a.

Kubura ta kakkaɓe allin hannunta, ta yi murmushi.

"Baba, ba zan sa a kira Adda ba. Abin da aka hore ta da shi take yi, kuma ba ta yi laifi ba. In sai ta zubar da kunyarta zan ci zaɓe, to Ɗanmaliki shi hau kujerar, Allah shi ba shi sa'a. Amma ku bari in ba ku labari ɗaya, kowa ta tahi gida."

Sai ta ɗauko akuya mai takalmi. Ta yi tafiyar akuya, ta yi ciniki da baduku, ta tura baki yadda ƙafafun baya ke yi. Mata suka fara darawa, sannan suka ɓarke gaba ɗaya, har dattijuwar Mawashi ta saki sanda ta riƙe ciki. Kubura ta ce ƙafafun gaba su ne Kankia, an sa musu famfo da asibiti, na baya kuwa su ne Dudunni da Ƙofa da Mawashi, kuma akuya ba ta zuwa ko'ina sai ƙafa huɗu sun yarda. Aka yi ta tafi. Iyatu a bayan zana ta toshe baki da mayafi, ƙafafunta na bubbuga ƙasa ba ta sani ba.

"Kun san inda na samo labarin nan?" in ji Kubura, bayan dariya ta lafa. "A littafi yara ke karanta shi, amma ba ni na ƙirƙiro ba. A bayan zana na ji shi, ina ƙarama. Mai ba da shi ƙannena take ba, suna zaune dab da gwiwarta, ko raɗa ta yi za su ji. Amma sai ta yi ta ɗaga murya har makiyaya na jiyowa daga daji. In na yi dariya sai ta maimaita wurin. In ban zo hutu ba, ƙannena sun ce akuyar nan ba ta zuwa kasuwa." Ta gyara tabarau. "Ni dai ban taɓa zama ina tambayar ko an sa mini albarka ba. Tun ina ƙarama na ji ta, da ƙarfi ma."

Ashe ta sani. Duk shekarun nan yarinyar ta sani. Hawaye suka ɓalle wa Iyatu, ta miƙe zumbur ba ta san ta miƙe ba, ta dafa zana don ta tsaya. Zanar kuwa gara ta daɗe da cinye gindinta. Sai ji aka yi ruf, zana ta kwanta cikin tsakar gida, Iyatu a kanta rub da ciki, awakin mai gari suka tsallake ta suka watsu cikin mata.

Aka yi ihu, aka yi dariya, masu goyo na tsalle, wata akuya ta ture allo. Iyatu ta tashi, ɗankwali a karkace, tsinken zana a gashi, duk matan ƙauyuka uku na kallonta. Babu sauran wurin ɓuya. Ta ɗaga ido ta dubi 'yarta a fuska, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane, kuma da muryar nan da take ba da labari ta ƙwala kira.

"Kubura!"

Kubura, wadda ta tsaya gaban manyan ma'aikata ba ta ko ƙifta ido ba, sai ta daskare. Tabarau ya cika da hawaye. Ta durƙusa a nan inda take, cikin ƙura da ganyen kuka.

"Na'am, Inna."

"Kubura, ɗiyata ce ke, ni na haihe ki. Allah shi yi miki albarka, ki tahi ki hau kujerar. Wanda ya ce ba ruwana da ke, shi zo shi hwaɗi a gabana."

"Ai ke kika hwaɗi, Iyatu!" Hassana ta ƙwalo daga cikin taro.

"To na janye!"

Guɗa ta tashi har sai da tantabarun gidan suka watse. Dattijuwar Mawashi ta laluɓo sandarta tana kuka tana dariya, ta ce a ba ta ganyen kuka ta sake gwadawa, don ran zaɓe ba ta son kuskure. Iyatu kuwa sai a lokacin kunyar ta dawo mata gaba ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta tsallake zana, ta fice ta wurin awaki da sauri, ta bar takalminta guda a tsakar gida.

Ran zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo, kuma Kubura ta ci. Ɗanmaliki ya sauke lasifikarsa, aka koma hayarta ana biki. Ta yi shekaru tana wakiltar mutanenta, ta haƙa rijiyoyin, ta ƙara rubuta littattafai, amma wannan duk daga baya ne.

A ranar Larabar dai, Hassana ta cim ma Iyatu a hanyar ruga, tsakanin gonakin gero, ta miƙa mata takalminta. Suka jera suna tafiya. Can Hassana ta ji ana ƙus-ƙus a cikin mayafi, ta matsa kusa ta kasa kunne. Iyatu ce ke maimaita sunan a hankali, sau da yawa, tana jujjuya shi a baki.

"Ke lahiya?" in ji Hassana.

Iyatu ta share ido da bakin mayafi.

"Hassana, ashe sunan nan daɗi gare shi. Ni na zaɓa mata shi, kin sani. Na raɗa wa Kaka ta hwaɗi wa malamai. Tun ranar, sai yau na sake jin shi a bakina."